Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Darasi Daga Sayen Injin Jirgi

Makon jiya wani yayana, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya a Yawuri, ya kira ni in raka shi sayen inji. Ya sa an ƙera masa ƙaramin jirgin katako, tsawonsa ƙafa 25, domin ya riƙa fita da iyalinsa da baƙinsa shan iska a kan kogin Neja, su leƙa tsibirai, su ziyarci 'yan uwa a ƙetare. Kuɗin da zai kashe daga kuɗin sallamarsa ne, waɗanda za a yi a jirgin kuwa jikokinsa ne. Saboda haka maganar ta wuce ciniki.

Tun a hanya ya gama yanke shawara. Mai ƙarfin doki 40 yake so, domin irinsa ne yake gani a bayan manyan jiragen kasuwa, kuma a ganinsa babban inji shi ne kwanciyar hankali. Ni ma haka na ɗauka, sai da muka zauna da wani dattijon makaniki a bakin ruwa. Da ya ji bukatarmu, bai tambayi nawa muka zo da shi ba. Tsawon jirgin ya tambaya, da yawan mutanen da za su shiga, da nisan da za a riƙa zuwa. Sannan ya ce, "Malam, jirginka ne zai zaɓi injinsa, kai biya kawai za ka yi."

Hujjarsa ta farko ta dace da abin da masu ƙera jirage suka daɗe da sani. Jirgi mai nauyi da ke keta ruwa, wanda ba ya tashi ya hau samansa kamar ƙananan jiragen gudu marasa nauyi, tsawonsa ne ke iyakance gudunsa. Mai ƙafa 25 yakan yi kimanin kilomita 12 a sa'a cikin sauƙi. Daga nan duk ƙarfin da aka ƙara masa, mafi yawansa a tayar da igiyar ruwa yake ƙarewa: gindin jirgin ya nutsa, goshinsa ya ɗaga, fetur ya ƙone, gudu bai ƙaru da wani abin kirki ba.

Na biyu shi ne nauyi. Injin Yamaha Enduro mai doki 15, wanda ya cika bakin kogunanmu, bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya mai ƙarfi zai iya cire shi ya kai gida da yamma. Mai doki 40 kuwa ya kusa ninka wannan nauyin. Duk wannan kaya a kan katako ɗaya yake rataye, wato allon bayan jirgi. Idan ya fi ƙarfin allon, sai ya sassauta ƙusoshi a hankali, kuma bayan jirgin ya yi ƙasa har igiyar ruwa ta riƙa faɗowa ciki.

Na uku shi ne mai. Idan aka buɗe wa mai doki 40 wuta gaba ɗaya yakan sha kimanin lita 20 a sa'a, mai doki 15 kuwa kimanin lita 8. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan bambanci ya isa ya sa jirgi ya kwana a ɗaure wata da watanni. Yayana ya yi lissafi da fanshonsa, ya yi shiru.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka cewa ƙarami ne kullum ya fi. A Yawuri kogin sau biyu yake cika a shekara: farin ruwa da damina, baƙin ruwa kuma da hunturu, lokacin da ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini yake isowa bayan tafiyar watanni. Injin da ƙarfinsa bai wuce na tura jirgi a ruwa mai kwanciya ba zai kunyata mai shi ranar da ya fuskanci ƙarfin ruwa da iskar hadari a lokaci ɗaya. Abin nema shi ne injin da zai yi tafiyar yau da kullum ba tare da an ƙure shi ba, ya bar rarar ƙarfi don ranar tsanani.

Akwai kuma abin da masu saye da yawa ba sa dubawa, wato tsawon ƙafar injin. Gajeriya inci 15 ce, doguwa inci 20, kuma tsayin allon bayan jirgi ne ke nuna wadda ta dace. Idan ta gaza, farfela za ta riƙa fitowa tana sarar iska, injin kuma ya rasa ruwan da yake zuƙa ya sanyaya kansa. Idan ta yi yawa, za ta riƙa tonon yashi da karo da kututture, ga shi tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 akwai itatuwan da ruwa ya binne a sassan tafkin. Kafin a je shago, a ɗauki awon allon.

Muka zo kan nau'in inji. Akwai mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai kamar ƙaramin janareto, galibi kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai. Akwai mai bugu huɗu, wanda mansa ke zaune daban kamar na mota. Na biyun ya fi tsimin fetur, ba shi da hayaki da ƙara sosai, abin da ya dace da mai fita shan iska, amma ya fi nauyi da tsada. A nan tambayar dattijon ta fi kowace nauyi: idan ya tsaya maka a wani ƙauye a ƙetare, wa zai buɗe shi, kuma ina kayan gyaransa? Inji mai kyau a takarda wanda ake jiran fuloginsa daga Legas bai kai wanda kowane yaron makaniki ya san cikinsa ba.

Ga mai sayen na hannu, kada ya biya sai an tayar da injin ƙafarsa na cikin ruwa, ya ga siririn ruwan da ke tsartuwa ta baya, alamar famfon sanyaya yana aiki. Ya kuma duba man giya: idan ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda babban inji ke ruɗar zuciya. Tun da yana iya ja, sai a yi ta ƙara mutane da buhuna. Ba mu manta da ranar 26 ga Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan suka tsira, hukumomi kuma suka ambaci lodin da ya wuce kima. Inji yana tura jirgi ne, ba ya hana shi nutsewa.

A ƙarshe yayana ya sayi mai doki 15. Da rarar kuɗin ya sayi rigunan kariya daidai yawan kujerun jirgin, har da na yara, da filafili biyu, da farfela ta ajiya. Ya kuma yi alkawarin ɗaura a hannunsa igiyar nan da ke kashe inji idan matuƙi ya faɗa ruwa. Ran Asabar muka gwada shi da mutum shida, muka je tsibiri muka dawo kafin la'asar, fetur bai kai rabin tanki ba.

Allah Ya tsare matafiyanmu na tudu da na ruwa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.