Zauren Fagge Ya Zama Kanti

Kowane falken Birnin Kudu ko na Gwaram da ya je sarin atamfa a Kantin Kwari ya taka ƙasar Fagge, amma ba kowa ya san asalinta ba. Unguwa ce a bayan ganuwar Kano, masu tarihi kuwa suna danganta kafa ta ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Tun farko zango ce. Nan Buzayen Azbin suke sauke raƙumansu da gishirin Bilma da dabino, sa'an nan su sayi hatsi da tufafin rini su koma.

A wancan zamani baƙo ba ya kwana a kasuwa. Fatoma ne yake sauke shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan an ba shi bashi. Zauren da ake ciniki a cikinsa da hantsi, sau da yawa shi ne malami yake zama da almajirai bayan magariba. Ta haka ɗan falke yake tashi da sanin hukuncin riba da tauye mudu tun kafin ya riƙe jari.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, Kwarori suka kafa kantunan yadi a kudancin unguwar. A 1948 Alhaji Mahmud Dantata da abokansa suka kafa kamfanin jigilar alhazai, wanda sunansa, watau Wapa, ya bi wurin da 'yan canji suke zama yau. Duk wannan bai ɓata Fagge ba, domin baƙi ya ƙara mata, ita kuwa da baƙi aka gina ta.

Abin da yake cin ta yanzu dabam ne. Mai gida ya rasu, magada su sayar, mai saye ya rushe ya ta da benen shaguna, ba a bar ko zaure guda ba. Da almuru a garƙame ƙofofi, layi ya koma sai masu gadi. Malami ya ƙaura bayan gari inda haya take da sauƙi, allo ya bi shi.

Lalle gado halal ne, ba kuwa mai hana magaji sayar da rabonsa. Amma attajirin da ya iya gina shago arba'in ba zai talauce ba don ya bar ɗaki guda wakafi ga makarantar allo.

Birnin Kudu tana kan babbar hanyar Kano, ga asibitin tarayya, ga kwalejin gwamnati, shaguna kuwa sai ƙaruwa suke yi a bakin titi. Gwaram ma tana bin sahu. Ya kamata malamai da fataken garuruwan nan su zauna da hakimansu su tsai da shawara tun gidajen kakanni suna tsaye. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali ruwa yake shafa wa nasa. Allah ya kyauta.