A Kai Ɗaliban Adabi Wurno Kafin a Ba Su Digiri

Ina cikin masu duba kundayen kammala digiri a fannin adabi, kuma ciwon da nake gani iri ɗaya ne kowace shekara. Babi na biyu an kwaso shi daga intanet, babi na huɗu kuma labarin littafin aka sake bayarwa aka kira shi nazari. Yaro zai cika shafuka, a ɗaure masa su da bango mai kyau, alhali bai yi wa abin da ya karanta tambaya ko ɗaya ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mun koya masa ma'anar bincike a kan allo, ba mu taɓa sa shi ya yi binciken ba.

Dubi yadda ake horar da ɗalibin adabin ƙasashen Sikandinebiya. Tsofaffin labaran tsibirin Aisilan sun tsira ne saboda mutane irin su Arni Magnusson, wanda ya zagaya tsibirin daga 1702 zuwa 1712 yana tattara rubuce-rubucen fata, har da guntaye. Gobarar birnin Kwapanhagan ta 1728 ta ci wani sashe na tarinsa, wani ɓangare na abin da ya rage kuma ƙasar Danmak ta fara mayar wa Aisilan a 1971. A kan waɗannan ake zaunar da ɗalibi: ga kwafi biyu na labari ɗaya sun saɓa, wa ya kwafa, yaushe, don wa? Tun ƙarni na 13 marubucinsu Snorri Sturluson ya yi bayanin dalilinsa na amincewa da waƙoƙin fada a matsayin hujja, cewa mawaƙi ba zai jingina wa sarki aikin da bai yi ba a gaban idonsa. Duk wanda ya san makaɗan fadarmu yana da abin cewa a kan wannan, kuma daga irin wannan gardama nazari yake farawa.

Mu a gabashin Sakkwato ba mu rasa kayan aiki ba. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. A cikin Infaƙul Maisur da ya rubuta a 1812, Bello ya kawo wasiƙun Shehu Alkanemi na Barno masu sukar jihadin, sannan ya ba su amsa. Ban san darasin rubutun nazari da ya fi wannan ba: ka kawo hujjar abokin jayayyarka da ƙarfinta, kafin ka ce uffan. A ba ɗalibi waɗannan wasiƙu, a haɗa masa da Tazyinul Waraƙat na baffan Bello, Abdullahi ɗan Fodiyo, ya gano inda ɗan da baffan suka kalli abu ɗaya da ido daban. A ƙara masa da bayanin matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya sauka Wurno a 1853 zamanin Aliyu Babba, ya faɗa mana abin da baƙo ya gani da abin da ya ɓace masa.

Ga kuma waƙoƙin Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, na Fulatanci da Hausa da Larabci, waɗanda jajijin 'Yan Taru, wato malamai mata, suka yaɗa a ƙauyuka. Jean Boyd da Beverly Mack sun buga tarinsu a 1997. Ɗalibar da ta naɗi yadda wata gwaggo ke rera ɗaya daga ciki, ta gwada da wanda ke takarda, ta bayyana dalilin bambancin, ta yi aikin da intanet ba zai yi mata ba.

Garin Raba ma haka. Sardauna Ahmadu Bello ya fara littafin tarihin rayuwarsa na 1962 da ƙuruciyarsa a garin. Mutum ne kan mulki yake ba da labarin kansa, don haka me ya zaɓa ya faɗa, me ya tsallake, me tsofaffin garin suka ji daga iyayensu? A Goronyo kuwa, ambaliyar 2010 tana nan a bakin manoma da masunta. Wasu na ɗora laifin a kan buɗe ƙofofin madatsar ruwan Rima, wasu a kan yawan ruwan damina. Wanda ya iya auna waɗannan maganganu bai karkata don son rai ba, ya iya karanta kowane littafi.

Za a ce hanya ba lafiya, kuma gaskiya ne. Babu malamin da zai tura 'ya'yan mutane ƙauyen da 'yan bindiga suka hana noma. Sai dai da yawa daga mutanen waɗannan ƙauyuka yanzu suna zaune a manyan garuruwa da cikin birnin Sakkwato, kuma ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu yana nan cike da takardu. Wayar da ke aljihun ɗalibi ta isa naɗar hira. Rashin tsaron ma shi ne dalilin gaggawa, domin idan gari ya watse, waƙarsa da labarinsa kan bi shi.

Shawarata ga sassan harsuna da adabi a jami'o'i da kwalejojinmu ita ce a daina jira sai ajin ƙarshe. Tun aji biyu, kowane zango ɗalibi ya kawo shafi biyar kacal: tambaya ɗaya, majiya biyu da suka saɓa, da hukuncinsa tare da dalili. Malami ya gyara, ya mayar masa ya sake rubutawa. A kuma rage makin kauri, a ƙara makin hujja. Da sannu ɗalibi zai gane cewa a cikin kundin duka, jimlar da ta fara da "a ganina, saboda" ita ce tasa, kuma ita muke son karantawa.