Fushi Suna Ya Tara, Yaran Agege Ɗaya Suka Sani

Yaron da aka haifa a Agege ko Oyingbo yana ciniki da Hausa, yana gaisuwa da ita, amma ranar da zuciyarsa ta ɗebe shi, kalma ɗaya ce a bakinsa: fushi. Ba laifinsa ba ne. Turanci yake ji a aji, Yarabanci kuma dokar Jihar Legas ta 2018 ta wajabta koyar da shi. Hausarsa ta tsaya a gida da kasuwa.

Alhali Hausa ta rarrabe waɗannan halaye daki-daki. Takaici shi ne ɓacin ran wanda ba shi da yadda zai yi. Wanda ya tunzura, wani ne ya zuga shi. Wanda ya harzuƙa ya riga ya tsinke linzami. Ɗimuwa kuwa gushewar hankali ce saboda firgita ko rashi. Kowanne da irin lallashin da yake bukata.

Ƙamus zai ba da ma'ana, amma labari ne ke nuna inda hali yake kai mai shi. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, mai kuɗi ya aure Zainabu, takaicin Abubakar ya rikiɗe ya zama ƙudurin ramuwa, har ya cinye gida guda, shi ma bai tsira ba. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, begen ɗa ne ya sa uwa ta ratsa Sahara. Wanda ya bi waɗannan mutane shafi-shafi zai gane halin idan ya taso masa.

Wannan ba kwalliyar harshe ba ce. Idi-Araba a 2002 da Mile 12 a 2016 sun nuna yadda ƙaramar taƙaddama ke zama asarar rayuka. Littafi ba ya hana rikici shi kaɗai, amma matashin da zai iya cewa tunzura shi ake yi ya riga ya ja da baya taku ɗaya.

Ma'aikatan Abuja suna da abin yi. Kwalejojin gwamnatin tarayya da ke Legas suna hannun Ma'aikatar Ilimi. A tura musu malaman Hausa da waɗannan littattafai, a kuma haɗa kai da fadar Sarkin Hausawan Agege domin su isa makarantun unguwa. Kuɗinsu bai kai na kwamitin bincike guda ba.