Martani: Ranar Hausa Ba Ta Jiran Hutun Gwamnati

Na karanta maƙalar da wani malami ya buga makon jiya, inda ya ce Ranar Hausa ta Duniya wasan yara ce, tunda gwamnati ba ta ba da hutu saboda ita. Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma a nan ka yi tuya ka manta da albasa.

Yaushe hutu ya zama ma'aunin darajar rana? A 1999 UNESCO ta ware 21 ga Fabrairu a matsayin Ranar Harshen Uwa, don tunawa da ɗaliban da 'yan sanda suka harbe a Dhaka a 1952, suna neman a ba harshen Bengali matsayinsa. A Najeriya ana zuwa aiki ranar. Shin jininsu ya zama wasa ke nan?

Ita kuwa Ranar Hausa, wato 26 ga Agusta, matasa ne suka ƙirƙiro ta a shafukan sada zumunta a 2015, babu kwabon gwamnati. Ranar ce za ka ga ɗan Zangon Kumasi ya jefa karin magana, ɗan Damagaram ya ƙarasa masa, wani kuma yana laluben ƙ da ɗ da ɓ a wayarsa don kada ya rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa".

Da cewa ka yi bikin ya fiye hotunan babbar riga da hula, da mun saurare ka. Gyara ake yi, Malam. Ranar 26 ga Agusta mai zuwa, ka sayi littafin Hausa ka kai firamaren unguwarku.