Wai Chaina ta ƙera rana: amsata ga saurayi da dattijo

Makon jiya bayan sallar isha'i aka ɗauke wuta a unguwarmu. Muna zaune a ƙofar masallaci muna fifita, sai wani saurayi ya miƙo min wayarsa. Bidiyo ne da ke yawo a WhatsApp, wai mutanen Chaina sun ƙera rana ta biyu wadda ta fi ta sama zafi. Shi murna yake yi. Ya ce, "Ticha, dumso ya ƙare ke nan, nan da shekara biyu wuta kyauta za mu sha." Wani dattijo da ke jan carbi a gefe ya ce, "A'uzu billahi. Wannan ai ja da ikon Allah ne. Shi ya sa ban yarda yaro ya yi nisa a wannan bokon ba." Duk suka juyo suna kallona, tunda ni ke koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Girman Baba Alhaji ya hana ni ja a daren. Ga amsata yanzu, cikin ladabi, domin ina ganin su biyun duka sun kauce, kuma kaucewar tana iya jawo wa 'ya'yanmu asara.

Da farko, ba wanda ya ƙera rana. Abin da ke birnin Hefei na Chaina na'ura ce mai suna EAST, irin wadda ake kira tokamak, wani ɗaki na ƙarfe mai siffar zobe wanda aka kewaye da manyan maganaɗisu. Masanan tsohuwar Tarayyar Sobiyat ne suka fara ƙirƙiro irinta tun shekarun 1950. A ciki ake zuba iskar haidirojin 'yar kaɗan, a dumama ta har ƙwayoyin zarra su rabu da lantarkin da ke kewaye da su. Wannan yanayi shi ake kira filasma, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu: walƙiyar damina filasma ce, haka abin da ke haske a cikin doguwar fitilar nan ta silin. Burin shi ne ƙwayoyin haidirojin masu nauyi, wato diyuteriyam da tiritiyam, su yi karo su haɗe su zama hiliyam, ƙarfi ya fito. Haka rana take samar da haskenta. Sai dai tsakiyar rana zafinta kusan digiri miliyan 15 ne, nauyinta ke matse komai. A doron ƙasa babu wannan matsi, don haka sai an kai zafin wajen digiri miliyan 150. Babu tukunyar da za ta ɗauki wannan, shi ya sa maganaɗisu ke riƙe filasmar a tsakiya kada ta taɓa bango.

To yaya ake dumama abin da ba a iya taɓawa? Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, don amsar tana kusa da abin da ke aljihun kowane dattijo na Zango: rediyo.

Da farko ana ratsa wutar lantarki cikin filasmar, ta yi zafi kamar yadda wayar dutsen guga ke yi. Amma filasma tana da wani hali: da ta ƙara zafi sai lantarki ya riƙa wucewa ta cikinta ba tare da turjiya ba, wannan hanya ta daina amfani. Dole a nemi wata. Ɗaya ita ce a harba mata ƙwayoyi masu tsananin gudu. Ɗayar kuwa igiyoyin rediyo. A cikin maganaɗisu, kowace ƙwaya mai caji tana juyawa ne da wani sauri sananne, wanda ya dogara da nauyinta da ƙarfin maganaɗisun. In ka aiko da igiyar da bugunta ya yi daidai da wannan juyi, ƙwayar za ta riƙa karɓar ƙarfi a kowane zagaye. Duk wanda ya taɓa tura yaro a lilo ya san wannan. In ka tura a daidai lokacin da lilon ya dawo, da ɗan yatsa ma sai ya yi sama. In ka saɓa lokaci, ko ƙato ne kai wahalar banza za ka yi.

A babbar na'urar ITER da ake ginawa a Kadarash, kudancin Faransa, igiyoyin da za su dumama ƙwayoyi masu nauyi suna tsakanin megahaz 40 zuwa 55. Wato sama kaɗan da gajeren zangon da iyayenmu ke kama BBC Hausa, ƙasa da tashoshin FM da ke farawa daga 88. Su kuwa lantarkai, da yake ba su da nauyi, juyinsu ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai an aika musu da igiya mai gigahaz 170 daga wata na'ura da ake kira jairotiron. Na'urar dumama abinci ta kicin tana aiki da gigahaz 2.45 da ƙarfin kusan wat 1,000. Jairotiron guda yana fitar da wat miliyan 1. Kuma ana iya saita shi ya dumama daidai wurin da ake so a cikin filasmar, har a kwantar da ita in ta fara tangal-tangal.

Yanzu ga kai, ƙanena mai murna. Gaskiya ne a watan Janairun 2025 EAST ta riƙe filasma daƙiƙa 1,066, sannan a Fabrairu na'urar WEST ta Faransa ta kai 1,337. Amma ko ƙwan fitila ɗaya ba su kunna ba, gwajin riƙewa ne kawai. Na'urar JET ta Ingila, wadda aka rufe a ƙarshen 2023, ita ta kafa tarihi da megajul 69 cikin kusan daƙiƙa 5. In ka juya shi zuwa lissafin mitar gidanku, yunit 19 ne kacal, kuma wutar da na'urar ta sha ta fi haka yawa. ITER, wadda aka fara maganarta tun ganawar Reagan da Gorbachev a 1985, burinta a zuba megawat 50 na dumamawa a samu 500. Bisa jadawalin da aka sanar a 2024, sai 2039 za a fara gwaji da cikakken man diyuteriyam da tiritiyam, kuma ita ma ba za ta sayar wa kowa da wuta ba. Saboda haka maganin dumso yana nan gida: ruwan Akosombo, iskar gas, faifan sola, gyaran wayoyi da biyan basussuka. Kada wani ya zubar da ruwan tulunsa don ya ga hadari.

Ga Baba Alhaji kuma, Allah Ya ƙara girma. Maƙerin da ke zuga wuta har ƙarfe ya yi ja ba mu taɓa cewa ya halicci wuta ba. Gawayi ya samu, iska ya samu, ya koyi yadda suke aiki. Waɗannan masana ma haka ne. Haidirojin a ruwan teku suka same shi, ƙa'idar juyin ƙwaya a maganaɗisu ba su suka kafa ta ba, gano ta suka yi. Ni dai duk lokacin da na karanta irin wahalar da ƙasashe ke sha shekara da shekaru don riƙe ɗan wannan zafi na minti ashirin, sannan na ɗaga kai na ga rana ta fito kamar kullum ba injiniya ba mai gadi, imanina ƙaruwa yake yi. Sunan "rana ta biyu" kuwa zuzutawar 'yan jarida ce.

Abin da ya dame ni shi ne inda maganar Baba ke ƙarewa. A aji na uku da nake koyarwa akwai yarinyar da ta fi kowa lissafi. Da na yi musu misalin lilo, ita ce ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ke nan in aka ƙara ƙarfin maganaɗisun dole a canza tashar?" Haka ne kuwa, ta gano da kanta. Amma lokacin cike fom na zaɓen makaranta da kwas kafin jarrabawar BECE, a gida aka ce mata kimiyya ta yi tsawo, ta zaɓi abin da za ta gama da wuri. Duk shekara ina ganin irin wannan, ga mata da maza. Muna tura haziƙanmu inda ba su so, sannan mu zauna muna kukan babu namu a asibiti, babu namu a ma'aikatu.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Zango da na'urar Faransa, alhali babu ƙasar Afirka ko ɗaya cikin masu gina ta? Tambaya ce mai kyau. Ba na cewa Gana ta ɗauki kuɗin alli da benci ta sayi tokamak. Amma ilimin igiyoyi da maganaɗisu shi ne dai ke aiki a turakun wayar salula, da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, da sashen gashin ciwon daji na Korle Bu da Komfo Anokye. Tun 1964 Kwame Nkrumah ya aza harsashin cibiyar nukiliya a Kwabenya, kuma har yau Hukumar Makamashin Nukiliya ta ƙasa tana can tana horar da matasa. Marigayi Farfesa Francis Allotey ɗan Saltpond ne, a ƙasar nan ya tashi, duniya ta san shi a fannin fiziks. Ƙofar a buɗe take, mu ne ba ma turo yara.

Roƙona ga iyaye ƙarami ne. In fom ɗin nan ya zo gida, a kira yaron a tambaye shi, a kuma je a ga malaminsa kafin a sa hannu. Limamanmu da malaman makarantun allo su taimaka su faɗa wa jama'a cewa karatun halittar Allah ba ya kore karatun addini. Ni kuma na ɗauki alkawari zan koma gidan yarinyar nan in sake gaida mahaifinta, in roƙe shi. Baba Alhaji, in ka yarda, tare nake so mu je, don maganarka ta fi tawa nauyi a wurinsa.