Wa Zai Riƙe Marayu?

Abin al'ajabi ne yadda magidanci, wanda ba ya fita fatauci na kwana biyu sai ya damƙa mabuɗin shagonsa ga amini, ya kuma faɗa wa iyalinsa inda za su karɓi kuɗin cefane, zai shekara da shekaru bai ambaci wanda zai tsaya wa 'ya'yansa ba in ta Allah ta kasance. In ka yi masa zancen wasiyya sai ya ce kana yi masa fatan mutuwa, alhali hadisin Ibnu Umar ya kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba ta rubuce a wurinsa.

Da yawa sun sakankance cewa baffan yara yana nan. To, a mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, walicci a kan dukiyar yaro na uba ne, sa'an nan wasiyyin da uban ya naɗa, sa'an nan alƙali. Kusancin jini kaɗai ba ya bai wa baffa, ko wa, ko kaka wannan matsayi. Sharuɗɗan wasiyyi kuwa, kamar yadda Muhtasar na Halilu ya jera su, Musulunci ne da balaga da hankali da adalci da iya ɗaukar nauyin, har ma ya halatta a naɗa mace, wanda ke nufin uwar yaran kanta, in ta cika sharuɗɗan, ta cancanta. Reno dabam yake, domin shi haƙƙin uwa ne, bayanta kakar wajen uwa.

Amma dubi abin da kan faru in uba ya yi shiru. Tun ba a naɗe tabarmin zaman makoki ba, takardar fili ta shiga aljihun wani, mabuɗin shago ya shiga na wani, ita kuwa uwar, tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, kunya da baƙin ciki sun ɗaure mata baki. Kafin ta fita, an rarraba yaran gidajen dangi, an cire babbansu daga makaranta. Ba duka dangi ne azzalumai ba, wasu ma da kyakkyawar niyya suke ɓarnar, don ba su san Suratun Nisa'i ta wajabta a adana dukiyar maraya, a jarraba shiriyarsa, a miƙa masa ita gaban shaidu ba.

Saboda haka, ya kai uba, zaɓi mutumin tun kana da lafiya, ka nemi yardarsa baki da baki, ka rubuta sunansa tare da bayanin dukiyarka da basussukanka, adilai biyu su shaida, ka kuma sanar da matarka da 'yan'uwanka inda takardar take.