Kwas ta Intanet da Ma'aikatan Sakkwato: Ina Jaji?

Sanin kowa ne cewa zuwa kwas babban al'amari ne ga ma'aikaci a ƙasar nan. A da, in aka ce an tura malam Zariya ko Badun, to ya sami ilimi, ya sami kuɗin guzuri, ga kuma ƙarin girma yana jiransa. Yanzu kuwa wani ra'ayi yana yaɗuwa a ofisoshi, cewa tun da darussa sun cika intanet, wasu ma kyauta, babu sauran dalilin kashe kuɗi a kan horas da kowa. Wannan ra'ayi yana da daɗin ji ga mai riƙe da baitulmali, amma akwai gyara a cikinsa.

Irin waɗannan darussa sun yi tashe ne a shekarar 2012, lokacin da wasu malaman Jami'ar Stanford suka kafa Coursera, jami'o'in Harvard da MIT kuma suka kafa edX, duk a Amurka. Amfaninsu ba ya ɓoyuwa. Akawu a sakatariyar Giginya yana iya koyon lissafin kuɗi da kwamfuta ba tare da ya bar iyalinsa ba. Sai dai wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019, a kan darussan Harvard da MIT ɗin nan, ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin uku ne kacal cikin ɗari na masu shiga suka kai ƙarshe. Mafi yawansu kuwa mutanen ƙasashe masu wadata ne, waɗanda wuta ba ta ɗauke musu.

To, ina ga ma'aikacin Sakkwato? Ya tashi aiki a gajiye cikin zafin watan Afrilu da ke haura ma'auni 40, ya tarar babu wuta, wayarsa ta kusa mutuwa. Kuɗin data kuma, wanda aka amince wa kamfanonin waya su ƙara da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, daga aljihunsa zai fita. Ke nan abin da ake kira kyauta, ɗauke nauyi ne daga kan ma'aikata a ɗora shi a kan ma'aikaci. Alhali kuwa tun 1971 aka kafa asusun ITF domin horas da ma'aikata, kuma doka ta ɗora wa kamfanoni zuba kashi 1 cikin ɗari na albashin da suke biya a shekara. Horaswa hakki ne a kan mai ba da aiki, ba alfarma ba.

Abin mamaki shi ne, birnin nan bai kamata a koya masa karatu daga nesa ba. A cikin shekarun 1830 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru domin matan karkara da ba su iya barin ɗakunansu. Ba ta tsaya ga rubuta waƙoƙin ilimi da Hausa da Fulatanci ta sake su a gari ba. Ta zaɓi dattijai mata, ta naɗa su jajis, ta ba su malfa alamar muƙami, suna zuwa su karɓi darasi su koma ƙauyuka su karantar, su kuma dawo da tambayoyi. Wato darasi ya yi tafiya, amma da mutum a tare da shi. Ita ma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 ta gane haka, domin ba ta bar malaman firamare da littattafai kaɗai ba, sai da ta haɗa su da masu koyarwa a cibiyoyi. Kwas ɗin intanet, kamar yadda ake miƙa shi a ofis, malfa ce babu jaji.

Saboda haka, ma'aikatar da ke son cin moriyar abin nan lalle ne ta ware sa'o'i cikin lokacin aiki, ta tanadi ɗaki mai wutar sola da intanet, ta kuma naɗa wani gogagge cikin ma'aikatanta ya zauna da masu kwas mako-mako. Daɗin daɗawa, sai hukumar ma'aikata ta fayyace wace takardar shaida ce za ta yi amfani wajen ƙarin girma, domin ba wanda zai yi wata uku yana fama a kan takardar da ba za ta shiga fayil ɗinsa ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya shafi sashen nan kai tsaye. Yawancin darussan da Ingilishi ne, na bakin Ba'amurke, mai sauri. Ungozomar asibitin karkara a Wurno ko ma'aikacin gona a Goronyo sun fi kowa bukatar sabon ilimi, su ne kuma wannan Ingilishi ya fi yi wa shamaki. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da ɗalibai fassara. Da za a bar ɗalibin ajin ƙarshe ya fassara darasi guda na kiwon lafiya ko na ajiye lissafi a matsayin kundinsa, malamai su tace kalmomin, da an sami abin da za a fara gwadawa a ƙaramar hukuma ɗaya.